Kafet mai zane, labule mai zane, kujera mai zane: wanne zan cire?

Tambaya: Assalamu alaikum. Falona bai da girma sosai, mita 4 ne da mita 5. Akwai babban kafet a tsakiya mai zanen furanni da ganyaye, jansa ya fi yawa, sai shuɗi mai duhu da ruwan madara. Labulen manyan furanni ne, ruwan hoda da kore. Kujeruna masu ratsi-ratsi ne, ruwan ƙasa da ruwan zuma, na jera musu filoli masu gida-gida baƙi da fari. Wallahi kowanne sai da ya burge ni kafin na saya, amma da aka haɗa su sai falon ya zama kamar ana rigima a ciki. Yayata ta ce in kwashe komai in koma marasa zane. Shin zane nawa ya kamata ɗaki ɗaya ya ɗauka, kuma yaya ake haɗa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi saurin kwashe komai. Shawarar yayarki za ta kashe rigimar kam, amma ina jiye miki garin gyaran gira a rasa ido. Na sha shiga falon da aka yi wa irin wannan aski, bango ruwan toka, kujera ruwan toka, labule ruwan toka, bayan 'yan watanni masu gidan su dawo suna cewa ɗakin ya koma musu kamar wurin jiran ganin likita.

Maganar adadi kuwa, babu wanda ya yanke shi. A shekarun da na yi ina wannan sana'a ta ƙawata ɗaki na ga ɗaki mai zane bakwai yana zaune lafiya lau, na kuma ga mai biyu rak yana sa mutum ciwon kai. Da na karanta bayaninki, abin da na gani shi ne kin tara shugabanni huɗu a ɗaki ɗaya, babu mabiyi ko ɗaya. Kafet yana cewa a kalle shi, labule yana cewa a kalle shi, filolin baƙi da fari sun fi kowa ɗaga murya duk da ƙanƙantarsu, ga ratsin kujera yana nasa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle huɗu. Kuma ba laifin idonki ba ne. A shago mutum yana ganin yadi ne a tsawon hannunsa, shi kaɗai, ƙarƙashin fitilar da aka tsara don ta fito da kyansa. A gida kuwa daga nisan mita 3 ko 4 ake ganinsa, tare da duk maƙwabtansa a kallo ɗaya. Saboda haka daga yau duk hukuncin da za ki yanke a kan falon nan, ki yanke shi kina tsaye a bakin ƙofa, inda baƙo yake fara ganin ɗakin.

Kafin mu je ko'ina, ki durƙusa ki kalli kafet ɗin naki da kyau, domin malamin da kike nema yana nan shimfiɗe a ƙasa. Irin wannan kafet mai furanni, wanda aka ɗauko tsarinsa daga saƙar Farisa, ba zane ɗaya ba ne a jikinsa. Yawanci akwai babban tambari a tsakiya. Kewaye da shi akwai fili mai ƙananan rassa da furanni. Sai faffaɗan baki mai nasa zanen daban, wanda aka sa tsakanin wasu siraran layuka biyu ko fiye, su ma da nasu 'yan mitsi-mitsin adon. Ki ƙirga, za ki samu zane huɗu ko biyar a abu ɗaya, kuma ba su taɓa damun ki ba. Dalili uku ne suka hana su faɗa: girmansu ya bambanta ƙwarai, kalolinsu daga tukunya ɗaya suka fito, sannan an raba tsakaninsu da layi. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa faɗaɗa waɗannan ukun ne daga kan kafet zuwa ɗaki gaba ɗaya.

Na farko, girma, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ya ga zane biyu masu girma ɗaya kusa da juna, sai ya rasa wanda zai fara karantawa, ya yi ta kai da komo tsakaninsu, wannan kai da komon ne kike ji kamar rigima. In kuwa ɗaya ya ninka ɗaya sau uku ko huɗu, ido ya san babba ya san ƙarami, ya sauka a kan babban, ƙaramin ya zama masa kamar shimfiɗa. Ni ga yadda nake awo a wurin aiki: zanen da furensa ko siffarsa ta kai faɗin faranti, wato santimita 25 zuwa sama, babba ne. Wanda ya yi kamar tafin hannu, matsakaici. Wanda bai wuce kan ɗan yatsa ba, ƙarami. Ƙaramin nan, in kin koma bakin ƙofa, ba ya ma fitowa a matsayin zane, narkewa yake ya zama kala ɗaya mai ɗan motsi a ciki. Shi ya sa za ki iya zuba ƙananan zane biyu ko uku a ɗaki ba a ji nauyinsu ba, amma babba guda ɗaya ake so. A falonki furannin kafet da na labule duk manya ne, ga su kuma dangi ɗaya, duka fure. Wannan ita ce babbar rigimar, sauran 'yan kallo ne da suka shiga faɗan.

Tunda na ambaci dangi, bari in ɗan tsaya a kai. Zanen kayan ɗaki, duk yawansa, gida kaɗan ya fito. Akwai masu lanƙwasa, wato furanni, ganyaye, rassa, da wannan siffa mai kama da ɗigon ruwa mai karkataccen kai wadda asalinta daga Farisa da mayafan Kashmir ne, amma duniya ta fi saninta da sunan Paisley, wani gari a Sikotilan da masaƙansa suka yi ta kwaikwayonta a ƙarni na 19. Akwai masu kusurwa, irin su murabba'i, dala, tauraro da zigizag. Akwai ratsi da gida-gida, waɗanda layi ne miƙaƙƙe kawai. Sai kuma ɗige-ɗige da dabbare-dabbare. Haɗin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko daga gida daban-daban: mai lanƙwasa ɗaya, mai kusurwa ɗaya, ratsi ɗaya. Ratsi shi ne mai zaman lafiya da kowa, da wuya ki ga furen da ya ƙi shi, domin miƙewarsa tana ba lanƙwasar furen abin jingina. Fure da fure ma suna haɗuwa, ban ce haramun ne ba, amma sai ɗaya ya yi ƙanƙanta sosai, kuma sai mai haɗin ya san hannunsa.

Akwai wani dangin da ba a cika lura da shi ba, kuma shi na fi so a irin matsalarki: zanen da kalarsa ɗaya da jikin yadin, saƙa ce kawai ta fito da shi, wani wuri yana sheƙi wani wuri ba ya yi, kamar yadda ake gani a jikin shadda. Turawa suna kiransa damask, sunan da ya samo asali daga birnin Dimashƙa. Daga nesa kamar marar zane, sai haske ya faɗo a kansa ko kin matso kusa sannan ya nuna kansa. Wanda yake son ado amma yana tsoron hayaniya, nan ne mafakarsa.

Na biyu, kala. Ita ce maɗaurin tsintsiya. Zane ukun da ba su haɗa komai ba ta fuskar siffa za su zauna kamar 'yan ɗaki ɗaya muddin akwai kala ɗaya ko biyu da ke yawo a cikinsu duka. Hanyar kuwa ita ce ki bar shugaban ya zaɓa miki. Kafet ɗinki ya riga ya ba ki ja, shuɗi mai duhu da ruwan madara, to duk abin da zai shigo falon ya ɗauki aƙalla ɗaya daga cikin ukun nan. Yanzu ki duba abin da ke akwai: labule ruwan hoda da kore, kujera ruwan ƙasa da ruwan zuma, filo baƙi da fari. Kala tara ke nan a ɗaki mai mita 4 da 5, kuma babu guda ɗaya da ta maimaita kanta a wuri biyu. Ko da girman zanen ya yi daidai, wannan kaɗai ya isa ya hana ɗakin nutsuwa.

Wata 'yar dabara da masu sana'a suke amfani da ita: in kin je sayen yadin labule ko na kujera irin wanda aka buga wa zane, ki buɗe bakin yadin, wato gefen bandir ɗin da tela yake yankewa ya zubar. Sau da yawa za ki ga an jera wasu 'yan da'irori ko murabba'ai masu kala-kala. Masana'anta ce ta sa su don duba daidaiton bugu, kowane ɗigo kala ɗaya ce daga cikin waɗanda aka yi zanen da su. Ki roƙi a yanko miki wannan gefen. Da shi za ki je wurin mai fenti, da shi za ki zaɓi filo, ba sai kin dogara da abin da kika tuna ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe kala daidai. Kina iya rantsuwa jan nan ne, ki zo gida ki tarar naki yana karkata ga ruwan goro, na kafet yana karkata ga ruwan makuba.

Ko kin samu kalar daidai, sai kin ajiye su gefe da gefe kin gani, saboda kala tana canza fuska gwargwadon maƙwabciyarta. Wannan ba camfi ba ne. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris. Ana ta kawo masa ƙorafi cewa wasu zaruruwa, musamman baƙaƙe, rininsu ba ya kamawa da kyau. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, kalolin da ake saƙawa kusa da baƙin ne suke sa ido ya gan shi daban. Ya wallafa sakamakon binciken a 1839, kuma har yau a kansa ake tafiya. Ma'anarsa a falonki ita ce, koren labulenki yana ƙara wa jan kafet zafi, jan kafet yana ƙara wa koren kaifi, domin kishiyoyin juna ne. Kowannensu ya fi yadda kika gan shi a shago tsawa.

Sannan ki kula da farare. Wannan ƙaramin abu ne mai ɓata babban aiki. Farin filolinki fari ne tas, na kafet kuma ruwan madara. In aka haɗa su, fari tas ɗin yana sa ruwan madarar ya yi kamar ya yi dauɗa. Duk zanen da za ki haɗa, ki duba kalar bayansa, wato filin da aka zana furen a kai. In na shugaban ruwan madara ne, sauran ma su bi shi.

Akwai gwajin da nake sa duk wanda na yi wa aiki ya yi, ba ya cin ko minti biyu. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ɗauki hoton falon da wayarki, ki mayar da hoton baƙi da fari. Da kala ta ɓace, abin da zai rage shi ne ƙarfin kowane zane, wato tazarar da ke tsakanin haskensa da duhunsa. Ina da tabbacin abin da zai fara tsalle ya faɗo miki a ido filolin nan ne, domin babu tazarar da ta kai ta baƙi da fari. Ratsin kujerarki kuwa, ruwan ƙasa da ruwan zuma, wataƙila ki ga ya kusa narkewa ya zama abu ɗaya. Wannan albishir ne, yana nufin kujerun ba su cikin masu laifi sosai. A hoton nan abu ɗaya ake so ya fi kowa fitowa, kuma ya kasance shi ne wanda kika naɗa shugaba.

Na uku, wurin hutawa. Ido yana gajiya kamar ƙafa, yana son inda zai sauka babu abin karantawa. Bango marar zane, kujera mai kala ɗaya, ko tazarar daɓe tsakanin bakin kafet da bango, duk wuraren hutawa ne. Za ki ji ana yawan ambaton ƙa'idar 60, 30, 10, wato kashi 60 na ɗaki kala mai rinjaye, 30 ta biyu, 10 ta ƙawa. Ba doka ba ce, babu wanda ke yawo da tef yana aunawa, amma tana da amfani in aka juya ta kan zane: fiye da rabin abin da ido ke gani ya kasance shiru. In kuma dole zane biyu su haɗa kafaɗa, a sa musu shamaki. Wanda ya taɓa ganin hotunan fadar Alhambra da ke Garanada a ƙasar Sifaniya, wadda sarakunan Banu Nasr suka gina mafi yawan ɗakunanta a ƙarni na 14, ya ga iyakar abin da za a iya yi da wannan dabara. Ƙasan bango tayil ne mai siffofin lissafi, samansa sassaƙar farar ƙasa ce mai ganyaye da rubutu, rufin kuma katako ne mai taurari ko wata sassaƙar. Kusan babu tafin hannu guda da aka bari fili, amma ba ya rikita mai kallo, saboda kowane zane an ba shi yankinsa an kuma ja masa iyaka da ɗamara. A gida, wannan ɗamarar ita ce siririn ƙyalle marar zane da ake bin bakin filo da shi, ko faffaɗan baki mai kala ɗaya a gefen labule, ko filo marar zane da aka sa tsakanin masu zane biyu.

Af, kafin in manta. Lokacin da kike ƙirga zanen falonki kin ce huɗu, amma ina zargin sun fi haka. Layukan da ke tsakanin tayil gida-gida ne, musamman in abin da aka cike su da shi ya fi tayil ɗin duhu. Jijiyoyin da ke jikin tayil mai kama da marmara zane ne. Haka ƙirar silin, ƙarfen taga, idon katakon tebur, jerin hotuna a bango, har da kayan da ke cikin kabad mai gilashi. Mutane ba sa sa su a lissafi saboda ba yadi ba ne, ido kuwa ba ruwansa, duk yana karantawa. In tayil ɗinki mai hayaniya ne, to kason zanen da ya rage miki ya ragu tun kafin ki shigo da labule. Shi ya sa kullum nake ba masu gini shawara su sa zane mai ƙarfi a abin da ake iya cirewa da hannu ɗaya, abin da sai an kira magini kuwa a bar shi shiru. Filo in ya gundure ki, rigarsa kawai za ki zare. Tayil kuwa kin aure shi.

Yanzu labule, wanda a ganina shi ne zai bar falon nan. Yana da wasu halaye da ya kamata ki sani kafin ki sayi wani. A shago a miƙe ake nuna miki yadin, a taga kuwa a tattare yake rayuwa. Labule mai kyau yana cin yadi ninki 2 zuwa 2 da rabi na faɗin ƙarfensa, ma'ana kusan rabin zanen yana ɓuya a cikin tattara. Babban fure sai ya koma gutsi-gutsi, rabin ganye nan, rabin fure can. Don haka ki tattara yadin da hannunki a shagon, ki ja da baya ki gani ko zanen ya jure. Sannan da rana haske ta bayansa yake shigowa, in babu shafi sai kalolin su koɗe a ido, zanen ya dushe, rana kuma ta ci rinin da gaske a kwana a tashi. Labule mai zane ba shafi, asarar zane ne.

Sai lissafin yadi, inda ni kaina na taɓa shan kunya. Kowane zane yana da tsawon da yake yi kafin ya sake maimaita kansa, kuma dole kowane falle ya fara daga wuri ɗaya a zanen, in ba haka ba furen falle na farko yana sama na biyu yana ƙasa. A ce ƙarfen labulenki mita 3 ne, ninki biyu ya zama mita 6, yadin kuma faɗinsa santimita 140 kamar yadda aka fi samu, kina buƙatar falle 5. A ce tsawon kowane falle har da kalmasa sama da ƙasa santimita 285 ne. In yadin marar zane ne, mita 14 da kwata ya ishe ki. In kuwa zanen yana maimaituwa duk bayan santimita 64, to 285 ba ta rabuwa daidai, sai an kai ta maimaici 5 cif, wato santimita 320 kowane falle, jimla mita 16. Farkon fara aikina na manta da wannan, na sayo yadi daidai awon taga. Tela ya yanka falle huɗu, na biyar ya gaza. Na koma shagon, bandir ɗin ya ƙare, aka ciro wani sabo mai zane iri ɗaya sak. A ƙarƙashin fitilar shago babu bambanci. Da aka rataya, rana ta fito, sai ga falle ɗaya shuɗinsa ya fi na sauran haske, yana tsaye a tsakiya kamar baƙo a taron dangi. Matar gidan ba ta ce komai ba, kallonsa kawai ta yi ta kalle ni. Da kuɗina na sake ɗinka tagar gaba ɗaya. Tun daga ranar, yadi ko takardar bango, a bugu ɗaya nake saye har da rara, kuma in takardar bango ce sai na duba lambar bugun da ke jikin kowane naɗi ta zo ɗaya.

Kujerunki ina ganin za su zauna. Ruwan ƙasa da ruwan zuma ba sa faɗa da ja, kuma suna ɗasawa da ruwan madara. Abin da zan ce ki duba shi ne faɗin ratsin. In ya kai yatsu biyu ko uku, matsakaici ne, ya dace. In kuwa siriri ne sosai kuma mai kaifi, irin wanda in an kalle shi yake kamar yana rawa, wannan yana gajiyar da ido, wasu masu ciwon ɓarin kai ma yana tayar musu da shi, gara a lulluɓe wani sashe da mayafin kujera marar zane. Kuma in wata rana za ki sake wa kujera riga da yadi mai ratsi, ki tsaya a kan mai ɗinkin ya daidaita layin tun daga majingina, ya gangaro mazauni, ya sauka gaba, ba tare da ya karkace ba. In mai babban fure ne, furen ya zauna a tsakiyar kowane kushin. A nan ake gane gwani.

Za ki ji ana cewa ratsin tsaye yana ƙara wa ɗaki tsawo, na kwance yana ƙara masa faɗi. Kada ki ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Tun a 1867 masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa murabba'in da aka cika da layukan kwance ya fi bayyana da tsawo a ido a kan wanda aka cika da na tsaye, akasin abin da ake zato. Abin da na tabbatar da idona shi ne, ɗaga ƙarfen labule kusa da silin da sakin labulen har ƙasa ya fi kowane ratsi ɗaga ɗaki. Haka zancen cewa ƙaramin ɗaki sai ƙaramin zane, ban yarda da shi ba. Babban zane guda ɗaya a ƙaramin ɗaki yakan sa ya yi kamar ya fi girmansa, tarin ƙanana masu kaifi ne suke cushe shi.

To ga abin da zan yi da a ce falon nawa ne. Kafet shi ne shugaba, shi ya fi girma, shi ya fi wuyar canzawa, kuma kalolinsa masu kyau ne. Labulen furanni ya koma ɗakin kwana, inda zai samu zanin gado marar zane ya yi mulkinsa shi kaɗai, domin ba muni gare shi ba, wuri ne bai same shi ba. A madadinsa ki sa ruwan madara irin na kafet, ko dai marar zane mai kaurin saƙa, ko mai zanen nan na cikin saƙa da na ambata, in kina so a bi gefensa da ɗamara shuɗi mai duhu faɗin yatsu huɗu. Filolin baƙi da fari a cire musu riga. Biyu su zama shuɗi mai duhu marar zane, biyu su ɗauki ƙaramin zane mai kusurwa shuɗi da ruwan madara, ɗaya kuma, guda ɗaya tak, ya zama mai fure ja matsakaici wanda zai amsa wa kafet daga sama. Ki rarraba su, kada masu zanen su taru a kujera ɗaya ɗaya gefen ɗakin ya zama fayau. Da haka kina da zane biyar a falon, fiye da huɗun da kike kuka da su: furen kafet, ratsin kujera, saƙar labule, ƙaramin mai kusurwa da furen filo.

Amma kada ki sayi ko mita ɗaya tukuna. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki karɓo ƙyallaye, kowanne ya kai girman hankici ko fiye, domin ɗan guntu kamar akwatin ashana ba ya nuna komai. Na labule ki maƙala shi a tsaye jikin taga, na filo ki ɗora a kan kujera, kowanne a inda zai zauna, don yadi a kwance da yadi a rataye ba haske ɗaya suke sha ba. Ki bar su kwana uku, ki duba da safe, da azahar, da kuma dare bayan an kunna fitila. Ki lura da ƙwan fitilarki ma: wanda aka rubuta wa 2700K haskensa ja-ja ne, yana raya ja da ruwan zuma amma yana dusar da shuɗi, mai 6500K kuwa fari ne mai sanyi, yana fito da shuɗi ya sa ruwan madara ya yi fari-fari. Ga kafet irin naki zan zaɓi 2700K ko 3000K, kuma duk ƙwayayen falon su zama iri ɗaya. Yau ɗin nan ma kina iya fara rabin aikin ba tare da kin kashe ko sisi ba: ki kwashe filolin ki kai su wani ɗaki, ki rataya farin zanin gado a kan labulen ya rufe furannin, sannan ki koma bakin ƙofa ki sake ɗaukar hoton nan.